Rabin Kofin Tanimu

Tun da aka kafa dokar ruwa, aka hana shuka komai a gida sai murtsunguwa, 'yar dunƙulalliyar nan mai ƙaya. Ita kaɗai matar Tanimu ta bar masa da ta rasu. Shi kuwa tsohon mai lambu ne, bai san wata kulawa ba sai ban-ruwa. Kullum yakan raba kofin da hukuma ke ba shi, ya zuba mata rabi.

Ranar nan 'yarsa Ladidi ta danna ta da tsinke, tsinken ya nutse.

"Baba, ta ruɓe. Ruwa ne ya yi mata yawa."

"Ke, wane mai rai ne ruwa ke kashewa?"

Ya zauna riƙe da rabin kofin. Ƙishi yake ji, amma ya kasa sha.