Jar Hula

Ranar ɗaukar soja, Inna Kulu ta tofa wa ɗanta Ɗanjuma addu'a a tafin hannu kafin ya ɗora shi kan na'urar karanta asali. Na'ura ta nuna asalinsa ƙasƙantacce ne, jikan mahauta. Saje ya miƙo masa jar hula, ta masu zuwa bakin daga. 'Ya'yan masu sarauta kuwa fara ake ba su, su zauna ofis.

"Kai, saje, jinin nawa ɗan ne ruwa?" ta daka tsawa. "Allah ya isa! Ɗanjuma, wuce mu tafi!"

Ɗanjuma ya ɗora hular a ka. "Inna, in na mutu da ita, za a goge asalin gidanmu. Ƙannena su samu fara."

Ta ɗaga hannu za ta mare shi, sai ta gyara masa zaman hular.