Zauren Maigari Ya Sha Fenti

Tun da ka ce gyara za ka yi, ajiye cebur ɗin nan tukuna in ba ka misali.

An yi wani maigari a wani ɗan ƙaramin tsohon gari, irin garuruwan nan da titi ya kauce musu, kasuwa ta ƙaura, aka bar su da tarihi da tsofaffi. Garin bai mallaki komai ba sai zaure guda. Amma fa zaure ne! Kakan kakan maigarin ne ya gina shi da jar ƙasa, rufin azara, ga zanen dagi a goshin ƙofa, kuma komai zafin bazara in ka shiga sai ka ji kamar ka sa kai a randa. Wata rana wani malamin tarihi daga birni ya ɓata hanya ya faɗo garin. Da ya ga zauren sai ya riƙe baki, ya zaga shi har sau uku. Ya yi wa maigari alkawarin bayan Sallah zai dawo da mota cike da masu yawon buɗe ido, har da 'yan jarida, don duniya ta san da garin.

Maigari ya yi murna, can kuma sai kunya ta kama shi. Ka san mutumin karkara da baƙo, gara ya kwana da yunwa da a ce an tarar da shi a wulaƙance. Ya tsaya ya ƙare wa zauren kallo, ya ga tsaga nan, gidan zanzaro can, jemagu sun yi kaka-gida a rufi. Ya ce, "A'a! Manyan mutane su taso tun daga birni su same mu cikin ginin ƙasa kamar ba mu waye ba? Ba da ni ba." Baba Tanimu, tsohon maginin da ke yi wa zauren yaɓe duk shekara kafin damina tun yana saurayi, ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, yaɓe kawai yake so, kwana biyu na gama." Maigari ya ce masa zamanin laka ya wuce. Gogan naka ya sayar da shanun huɗarsa biyu, ya sa aka kawo bulo da siminti da kwanon rufi. Abin da ya yi sama da shekara ɗari a tsaye, cikin kwana uku aka kai shi ƙasa. Aka tayar da sabo mai kusurwa huɗu, aka zuba masa fenti kore shar. Mutanen gari suka yi ta zuwa suna sa albarka, wasu har da cewa wallahi kamar ofishin ƙaramar hukuma, shi kuwa baki har kunne.

Ranar zuwan baƙi ya ci ado da babbar riga, ya tsaya a ƙofar sabon ginin, mata kuma na bayan gida suna tuƙa tuwon mutum arba'in. Mota ta tsaya, mutane suka sauko kowa da kyamara a wuya. Malamin ya gaishe shi, ya duba gabas, ya duba yamma, ya ce, "Ranka ya daɗe, ina zauren?" Maigari ya nuna bayansa da alfahari ya ce, "Ga shi nan, mun ɗan gyara muku shi." Malamin bai san lokacin da ya zauna daɓas a ƙasa ba. Wata baiwar Allah ta shiga ciki neman inuwa, ta fito da gudu tana fifita, don kwanon ya ɗau rana kamar kaskon tuya. Sauran suka bazu cikin gari suna neman ko wani abu mai tsufa, ba su samu ba sai wata rusasshiyar katanga da ake ɗaure jaki a gindinta. Nan suka taru suna ta ɗaukar hoto. Jaki dai ya sha hoto ranar, maigari kuwa yana tsaye gumi na tsiyaya cikin babbar riga, ko mutum ɗaya bai juyo da kyamara wajensa ba. Sai a lokacin ya gane ɓarnar da ya tafka.

Da aka kawo abinci, malamin ya ga yadda dattijon ya koma abin tausayi, sai ya ce kada ya damu: in dai azarar nan ta asali tana nan, kuma tsohon magini na da rai, ana iya tayar da zauren kusan yadda yake. Ran maigari ya dawo. Nan take ya sa aka kira uwargida, ya tambaye ta inda aka jibge azarar. Ta ce, "Wace azara? Busassun itatuwan nan? Haba Maigida, ai tuwon mutum arba'in ba ya dahuwa da karan dawa. Tun da asuba muka faskara su, kuma ka ga ci kamar an zuba kananzir." Baƙi suka tsaya cak, kowa da loma a hannu. Malamin ya dubi tuwon, ya dubi maigari, ya jawo ruwa ya wanke hannu. Kafin la'asar mota ta tashi, ba ta sake dawowa ba.

Aka bar bawan Allah ba shanu, ba jarida, ba zauren kakanninsa, sai koren ɗaki da ba ya zaunuwa sai rana ta faɗi. An ce ranar ya zubar da hawaye a gaban jama'a, bai ɓoye ba.

To, kafin ka sa cebur a abin da ka gada, tambayi kanka me ya sa ake sonsa. Hausawa sun ce, garin neman gira akan rasa ido.