Uwar Hoto

Karo na uku ke nan Maimunatu tana tsayawa a ƙofar shagon Sanda mai hoto a Kaura Namoda, kuma karo na uku yana mata kallon hadarin kaji.

"Na ce miki uwar hoto ba ta barin shagon ga. Ki tahi gida."

"Gidan uban wa? Mijina na ɗaure!"

Mijin nata, Amadu, sati biyar yana tsare kan sa guda na Alhaji Tambari da ya ɓace a Gurbin Bore. Tun da Shari'a ta zo kowa ya san abin da sata ke jawowa: hannun dama. Shaida ɗaya ce tak ta ce ta ga Amadu da igiya, sai wani hoto da Sanda ya ɗauki wani dillali a kasuwar Shinkafi. A bayan dillalin ga san nan, ga mutum da malfa yana jan sa. Komai ya fito tar, har ƙudan da ke kan tozo. Fuskar mutumin kaɗai ce baƙi ƙirin.

Alkali ya juya hoton sama da ƙasa, ya ce akwai shubuha, ya ɗage zama. Maimunatu ba ta san wata shubuha ba. Abin da ta sani shi ne mata sun fara ɗauke bokitinsu idan ta iso rijiya.

Sanda kuwa kowa ya san taƙamarsa. Shi ya fara kawo kyamara marar fim a garin. Kowane hoto yana da abin da yake kira uwa, wato ɗanyen da kyamara ta ɗauka kafin a taɓa shi. A faifai yake adana su, ba ya gogewa, ba ya bayarwa, sai dai ya ciro kwafi ya gyara. Da hoton bikin maƙwabciyarta Zulaihat ya fito duhu, daga uwar ya sake ciro shi, amarya ta yi fes. To me ya hana shi yanzu? Cin hanci mana. Tambari ya saye tsohon banza, haka ta yanke, kuma ta tsani Sanda har cikin ranta.

Ta gaya wa Amadu a gidan yari. Ya sunkuyar da kai ya ce ta bar maganar hoton nan, Allah na nan. Haƙurinsa ya ƙara tunzura ta.

Ta sayar da tunkiyarta ta biya mai rubuta takarda. Ta yi zarya a kotu har magatakarda ya gaji da ganin ta. Ran Litinin aka aika ɗan sanda, ya taso Sanda gaba da faifan a aljihu.

A bakin kotu Sanda ya rage murya. "Ɗiyata, ki janye. Don Allah."

"Yanzu ni ce ɗiyarka? Munahuki! Yau asirinka za shi tonu."

Ma'aikacin kotu ya sa faifan a kwamfuta, ya jera uwar da hoton da aka wanke. Ya daɗe yana kallo.

"Ranka shi daɗe, wanga duhu ba na malfa kaɗai na ba. Da hannu anka ƙara shi."

Kotu ta ɗauki hayaniya. Maimunatu ta miƙe tana nuna Sanda da yatsa, daɗi ya cika ta. Sanda bai ɗago ba.

"A buɗe huskar!" in ji ta. "Kowa shi gani!"

Alkali ya gyaɗa kai. Ma'aikacin ya ja haske a hankali, duhun ya yi ta janyewa daga ƙarƙashin malfa, sai ga Amadu yana dariya, da wushiryar nan tasa da ta shekara goma sha takwas tana kallo.