Gadon Bakin Taga

Dosse ya dire jakarsa a tsakiyar ɗakin, ya yamutsa fuska. Gadaje huɗu ne na ƙarfe masu hawa biyu, gishirin teku ya cinye ƙafafunsu. Mutumin da ya saba da manyan otal-otal na Lome, yau ga shi zai haɗa numfashi da Turawa biyu 'yan yawon duniya da wani ɗan Gana mai sayar da ganguna.

Amma wa zai nemi babban ɗan kwangila a masaukin sefa dubu uku, a wani ƙauye kafin Aneho? Kotu na nemansa, an ƙwace motocinsa, an garƙame gidansa. Abin da ya rage masa a duniya yana cikin jakar nan: fasfo da takardun filaye shida. Ran Juma'a wani direba zai tsallaka da shi Kwatano. Kwana huɗu kacal zai daure.

Ya aske gemu, ya dulmiya hula, ya rubuta Yawo a littafin baƙi. Mai masaukin, Da Mawusi, wata gajeriyar mace mai furfura, ta dube shi a tsanake, sannan ta washe baki.

"Fofo," ta kira shi da sunan girmamawa na yarensu, "kai da ganinka ba irin namu ba ne. Zo in ba ka gadon bakin taga. Iskar kyauta ce, ba na caji."

Ta tagar ya hango wani dogon abu na siminti tsaye a cikin ruwa, taku talatin daga gaɓa, igiyar ruwa na marinsa.

"Wancan fa?"

"Rijiya ce."

"Rijiya a cikin teku?" Ya tuntsire da dariya. "Wane wawa ne ya haƙa ta?"

"Lokacin da aka haƙa ta, a tsakar gida take," in ji ta. Bai ji ba, ya riga ya koma danna waya. Dosse irin mutanen nan ne da kan yi tambaya don su ji muryarsu kawai.

Ganin yadda yake rungumar jakar kamar mai jego, sai ta kawo masa sarƙa da wani tsohon kwaɗo, ta ce ya ɗaure ta a ƙafar gadon. "Turawan nan ma kada farar fatarsu ta ruɗe ka." Kwaɗon ya yi tsatsa. Sai da ta ɗiga masa manja, ta buga shi da dutse, sannan ya buɗe. Dosse ya rataya makullin a wuya, hankalinsa ya kwanta.

Kowace safiya tana share jiƙaƙƙen yashi daga ɗakin. Ran Talata ta mayar da Turawan wani gininta da ke kan tudu, wai kuɗin cizo sun kama katifunsu. Ran Laraba ɗan Ganan ya tsaya ya daɗe yana kallon teku, ya tattara gangunansa ba wanda ya ce masa.

"Babban yaya, ka iya ruwa kuwa?" ya tambaya daga bakin ƙofa.

Dosse ya yi tsaki. Daɗi ma ya ji: ɗaki ya zama nasa shi kaɗai a kuɗin gado ɗaya. Ya ga masunta na jan kwale-kwalensu har gindin kwakwa a bakin titi, ya ce a ransa mutanen ƙauye ba su gajiya da wahalar banza.

Ran Alhamis Da Mawusi ta cire labule da madubi da ƙwan lantarki, wai za a yi fenti. Da rana ta tuƙa masa akume, tuwon masararsu mai nauyi, da soyayyen kifi, ta ƙara masa da kofi biyu na barasar sodabi. Jandarmomi biyu na zaune a rumfarta suna tsotsar ƙaya. Ya ƙara jan hula ya rufe fuska.

"Rabu da su, 'yan cin banza ne," ta raɗa masa. "Shiga ciki ka kwanta, gobe kana da tafiya."

Mu da aka haifa a nan, ko makaho ya san abin da tekun Agusta ke yi idan wata ya cika. Da la'asar igiyar ruwa ta farko ta faɗo ta taga, ta same shi yana minshari. Ta biyu ta tsaga bango, daɓen ɗakin ya karkace. Dosse ya durƙusa cikin ruwa har ƙirji yana murɗa makulli, yana ashar, yana kiran Allah. Kwaɗon ya ƙi. Ba manja, ba dutse.

Da igiyar taru masunta suka fizgo shi, daga shi sai gajeren wando. Igiyar ruwa ta uku ta ɗauke ɗakin ɗungurungum. Yana kallo gadonsa ya yi adungure sau biyu, jakar na reto a ƙafarsa, sannan ruwa ya rufe.

Jandarmomin suka wanke hannu, suka taso ba gaggawa. Babban ya fito da biro ya tambayi sunan wanda abin ya shafa.

"Yawo," in ji Dosse.

"Rubuta Dosse Amuzuga," in ji Da Mawusi. "Mai jajayen tifofin nan goma sha huɗu da suka yi shekara uku suna kwashe yashin gaɓar nan, har teku ta samu hanya." Ta matso ta tsuguna a gabansa, fuskarta ba ko ɗigon tausayi, ta nuna masa simintin da ke tsaye cikin ruwa. "Wawan da ka tambaya mijina ne. Kabarinsa na taku goma bayan rijiyar."