Gadon da Kawu Ya Sa a Shirya

Kura ta saki karen farautar Kawu Na'ibi, ta cafki cinyar Zaharadden da ya shiga tsakani da sanda. Da ƙyar jifa ya kore ta cikin duwatsun bayan Jidda.

Kawu ya kira likita yana hawaye: "Jini yake zubarwa! Ku shirya gado, ga mu nan!"

Zaharadden ya ji sanyi a ransa. Shekara shida yana masa bauta tun zuwansa umra, ashe ana sonsa.

Kawu ya rungumi karen, ya kwantar a mota.

"Kawu, ni fa?"

"Ba ka da iƙama, takardar izinin zama. In na kai ka asibiti, ni za a kama. Shi ke nan, ɗaure ciwon da rigarka."

Ƙarar motar ba ta gama ɓacewa ba, kurar ta sake leƙowa.