Zaren Inna

Tun da aka fito da zaren da ke riƙe muryar mai saƙa, mutane suka daina warware kayan mamata. Amma ulu ya yi wuya, Tabawa kuwa tana son saƙa wa jaririyarta hula, sai ta ɗauko rigar sanyin da marigayiya innarta ta saƙa.

Gwaggonta ta ce, "In kika warware, muryar ta tafi ke nan."

Tabawa ta ja bakin zaren. Muryar Inna ta fito tana ƙirga, tana tari. Can ƙirgar ta tsaya.

"Ke Tabawa, sakar mini zarena."

Gwaggo ta yi dariyar yaƙe. "Kina ƙarama kin cika ja mata zare."

"Gwaggo, bara ta saƙa wannan. Lokacin ina Jos."