Mai Fiton da Ya Ƙi Yanke Waya

Kai da kake cewa gargaɗi ya ishe ka, gyara zama ka ji misalin wani mai fito.

A wani gari na bakin kogi an yi wani mutum mai jirgin inji, sana'arsa ƙetarar da mutane zuwa kasuwar tsallake. Shekara goma sha biyu yana wannan aiki, ko akuya bai taɓa kayarwa a ruwa ba. Injin nasa yana da 'yar ƙararrawa mai kuka idan wani abu ya sami matsala. Rannan suna tsakiyar kogi sai ta yi tsuwa sau biyu ta yi shiru. Ya duba, ruwan da ke sanyaya inji yana fita yadda ya saba, hayaƙi bai sake launi ba. Washegari ba ta ce uffan ba. Rana ta uku ta dawo, wannan karon da fitilar mai a kunne, alhali mai yana cike. Bakaniken farko ya ce famfon ruwa ne, aka canza, sai inji ya koma shaƙewa kamar tsoho mai tari. Na biyu ya ce fulogi ne, shaƙewa ta tafi, fitilar zafi ta kama. A kashe ta nan, ta ɓullo can. Babban abin haushin kuwa, duk sa'ad da aka tsoma injin a duron ruwa gaban bakanike aka tayar, sai ya yi ta aiki lafiya lau, yana ƙaryata mai shi a bainar jama'a.

Su 'yan'uwansa masu fito tuni suka yi maganin tasu ƙararrawar da filaya, ƙwas ɗaya suka yanke wayarta, kunne ya huta. Suka ba shi wannan shawara, ya ƙi. Ranar kasuwa ta zo, layi ya kawo kansa, mata kusan arba'in suka shiga da kwandunan busasshen kifi da yara a goye, ga jarkokin fetur jere a gindin jirgi. Yana murza inji, yana karkata shi hagu don ya bar gaɓa, sai tsuwa ta tashi. Ya kashe, ya ce kowa ya sauka. Shugaban tasha ya taso a fusace da filaya a hannu, ya ce, "Ko ka yanke 'yar banzar wayar nan ka kwashi mutane, ko ka bar mana layi." Mai fito ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Ranka ya daɗe, layi naka ne, ɗauki abinka. Amma bakin da ke faɗa mini gaskiya ba zan toshe shi don a ji daɗina ba."

Ya sha zagi ranar, har daga matan da ya sauke. Aka cire shi daga layi, aka laƙa masa suna Bawan Ƙararrawa, tukunyar gidansa ta fara ramewa. Wallahi ni taurin kan nan nasa yana burge ni, domin ba na jahilci ba ne. Bai sake kai injin gaban duro ba, tunda a ruwa yake ciwonsa, a ruwa zai neme shi. Kullum da safe ya fita da jirgi babu kowa, ya kasa kunne. Ya gudu, ya sassauta, ya karkata dama, ya karkata hagu. A hankali ya lura ba gudu ke tayar da kukan ba, ba zafin rana ba, karkata hagu ne, shi ma ba kullum ba. Kwana tara yana wannan wahala ana yi masa dariya daga gaɓa.

Al'adar masu fiton garin ce ba a barin inji ya kwana a jirgi saboda ɓarayi. Da la'asar a kwance shi, a ɗora a kura, a ɗaure da igiya a tura gida. Ran kwana na goma yana jan igiyar nan kamar yadda ya saba, sai ya ga ta faɗa cikin wani gurbi da ta daɗe da yi wa kanta a jikin robar da ta naɗe wayoyi. Ya sa wuƙa ya tsaga robar. Wayoyi uku sun goge tsirara, suna kwance jikin juna: yau ɗaurin igiya ya haɗa wannan da waccan, gobe ya haɗa wasu, shi ya sa ciwon yake ta ƙaura. Karkata hagu kuma shi ke ƙara matse su har ƙararrawa ta yi kuka. Ƙarƙashinsu kuma tiyon fetur ne, wayoyin sun ci shi har ya koma kamar ɓawon albasa, yana gumin fetur. Ashe shi da hannunsa ya yi ɓarnar, yamma bayan yamma, kuma bai ɓoye hakan ba.

Ya yanko tiyon ya kai tasha, ya danna shi da babban yatsa gaban shugaba, ya fashe. Ba wanda ya yi dariya. Bai roƙi a mayar masa da gurbinsa ba, ya gyara injinsa ya je ƙarshen layi ya tsaya, kai a sama. Da ya bi shawarar filaya, da kunnensa ya huta, amma gargaɗi na biyu wuta ce za ta yi shi, a tsakiyar kogi, kan mata arba'in da goyonsu, inda babu wurin gudu.

Don haka in abu ya dame ka da kuka, kada ka fara neman abin toshe masa baki, ko da duniya duka ta ce ƙarya yake yi. Hausawa sun riga sun gama magana: ruwa ba ya tsami banza.